TAFIYA ZUWA TSIBIRAN YAWURI DA TAFKIN KAINJI: WANE LOKACI YA FI DACEWA?

Jawabin faɗakarwa ga fatake da 'yan ci-rani, a Ƙofar Ran, cikin birnin Bauchi



Abin da ya tara mu a nan yau shi ne batun tafiya a kan ruwa. Wani zai ce ina ruwan Bauchi da wannan magana, alhali ƙasarmu ta duwatsu ce? To, dalilin ke nan da ya sa aka kawo maganar nan. Kowace shekara akwai waɗansu daga cikinmu da ke barin gida su nufi yamma, ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi da bakin Tafkin Kainji. Wani sarin bandar kifi ke kai shi, wani ci-rani, wani kuwa ziyarar ɗan'uwa ko aikin gwamnati. Da yawa daga garuruwan da suke nufa a kan tsibirai suke, ko a ƙetaren kogi, ba a isa can sai ta jirgi. Mutumin da ya tashi a tudu kuwa, ko da ya san hanyar mota kamar yunwar cikinsa, baƙo ne a kan ruwa.

Abu ɗaya nake so kowa ya tafi da shi gida: ruwa yana da lokutansa, kuma ba su zo daidai da lokutan manomin Bauchi ba. Wanda ya zaɓi watan tafiyarsa da kyau ya rage rabin hatsarin tun bai fita ƙofar gari ba.

Bari mu fara da sanin wurin. A ƙasar Yawuri, Kogin Kwara, watau Neja, yana da faɗi ƙwarai, da tsibirai da yawa a tsakiyarsa. Tsibiri a can gungu ake ce masa, daga nan ne Gungawa suka sami sunansu. A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130. Tsohon garin Busa ya nutse, aka sake wa mutum wajen 44,000 matsuguni. Itatuwa da yawa sun saura a tsaye ƙarƙashin ruwan, kututturansu kuwa har yau suna fasa jirage.

Abin da ya kamata ku lura da shi, kogin nan sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na fari yakan zo daga Agusta zuwa Oktoba. Wannan ruwan daminar ƙasarmu ne da kewaye, yakan zo da laka da ƙarfi, shi ya sa masana ke kiransa farin ruwa. Na biyu kuwa daga duwatsun ƙasar Gini yake tasowa. Yakan bazu cikin fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana wajen Disamba zuwa Fabrairu. Shi ne baƙin ruwa. Saboda haka sa'ad da rafuffukan Bauchi suka ƙafe ana tonon yashi, a lokacin ne tafkin Kainji yake cike maƙil. Sa'ad da kuma manomi a nan yake murnar ruwan shuka, a lokacin ne tafkin ya ja baya ƙwarai.

To, ga yadda shekara ta rabu ga matafiyi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, watau bayan kaka har cikin hunturu, shi ne lokacin da ya fi dacewa. Hadari ya ɗauke, hanyoyin zuwa bakin ruwa sun bushe, ruwa kuma ya rufe yawancin kututtura. Amma hunturu ma yana da nasa halin. Hazo yakan rufe gaɓa har matuƙi ya kasa ganin inda ya dosa, iska kuma takan tayar da igiyar ruwa. In hazo ya yi kauri, a dakata sai gari ya washe. A riƙe bargo da rigar sanyi, domin akwai sanyi a bakin ruwa da asuba.

Daga Maris zuwa Afrilu, lokacin bazara, ana iya tafiya amma da lura. Ruwa ya fara janyewa, zafi ya tsananta. A fita da sassafe, a tanadi ruwan sha mai tsabta da malafa.

Daga Mayu zuwa Yuli shi ne lokacin da ya fi kowane hatsari, gama abu biyu ne suka haɗu. Ruwa ya yi ƙasa, kututtura da duwatsu sun matso kusa da cikin jirgi. Sa'an nan ga hadarin farkon damina, wanda kan taso ba zato da iska mai ƙarfi, galibi da la'asar. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Hukuma ta ce an yi masa lodi fiye da ƙima. Wanda tafiyarsa ba ta dole ba ce, ya jinkirta ta.

Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa farin ruwa ne. Kogi yana gudu da ƙarfi, yana ɗauke da gungume da ciyawar ruwa mai naɗe farfelar inji. Marka takan lalata hanyoyin ƙauye, mutum ya makara a hanya, ya iso bakin ruwa da magariba, zuciya ta ce masa ya shiga jirgin ƙarshe. Kada ya shiga. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Kwara wajen Patigi, suna dawowa daga biki cikin dare.

Ko a wane lokaci za a tafi, akwai ƙa'idodin da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, take nanatawa. Ba a tafiyar dare, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Tilas kowane fasinja ya sa rigar kariya daga nutsewa, ya ɗaure ta tun jirgi bai tashi ba, ko da ya iya iyo. In ka ga an cika jirgi da babura da buhuna har ruwa ya kusa leɓensa, ka sauka ka jira wani. Asarar kuɗin fito ta fi asarar rai sauƙi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai batun lafiya. Asibiti yana da nisa daga tsibiri, saboda haka a tafi da gidan sauro da maganin da aka saba sha. A guji wanka da iyo a gefen ruwa mai ciyayi, domin nan ne katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya take zama. A tafasa ruwan sha, musamman da damina, lokacin amai da gudawa. Mace mai tsohon ciki da ƙananan yara, in ba lalura ba, su jira rani.

Haka kuma sha'anin tsaro. An yi fama da 'yan bindiga a waɗansu hanyoyin Jihohin Kaduna, Neja da Kebbi. A tambayi shugabannin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi, a yi tafiyar da rana. In an isa, a fara gaida mai gari da sarkin ruwa, a nemi shawararsu kan jirgi da matuƙin da za a bi. Matambayi ba ya ɓata. A kuma saurari hasashen yanayi na hukumar NiMet a rediyo, a gaya wa iyali ranar tafiya da ranar da ake sa ran komowa.

A ƙarshe ina roƙon iyayenmu masu unguwanni da limamai su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman samari masu shirin ci-rani. A ƙare girbi tukuna, a tafi cikin hunturu, a komo gida kafin hadarin fari ya haɗu.

Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.