Yadda Ake Gane Kiran Shiga Gidan Addu'a

Maganata a yau ta shafi yarinya Kirista daga Yauri, ko Ngaski, ko Shanga, wadda za ta durƙusa gaban iyayenta ta ce Allah yana kiranta ta keɓe kanta a gidan addu'a har ƙarshen ranta. Sistocin da muka saba gani a ƙarƙashin Diyosis ɗin Kwantagora masu koyarwa ne da masu jinya. Amma akwai waɗanda ba sa fita sai da lalura, irin 'yan Benedikt na Amoji Nike kusa da Inugu da na Umuoji a Anambra, da 'yan Karmel na Zing a Taraba. Ƙararrawa ce ke tashinsu kafin asuba, su rera Zabura, su koma ɗinkin rigunan fadoci ko gasa gurasar Misa ko aikin lambu, ƙararrawa ta sake kiransu. Abin da nake so in tabbatar shi ne, ba ɗokin zuciya ke nuna gaskiyar wannan kira ba, jure wa jira ne.

Hujjata ta farko tsarin Ikkilisiyar Katolika ne da kanta. Tun ƙarni na 6, ƙa'idar Benedikt ta hana a buɗe wa mai nema ƙofa da sauri. Sai an bar shi yana ƙwanƙwasawa na wasu kwanaki, a ga ko zai daure. A 2018 fadar Paparoma ta fitar da umarnin Cor Orans, wanda ya ce mace ba za ta ɗauki alkawarin dindindin ba sai bayan aƙalla shekara 9: shekara 1 tana zuwa tana komawa gida, shekara 1 tana zaune tare da sistocin gidan, shekara 2 ta horo, sannan shekara 5 a kan alkawarin wucin gadi. A kowane mataki tana da 'yancin tafiya, su ma suna da 'yancin ce mata ba nan ne wurinta ba. Masunci a bakin tafkin Kainji ba ya tura sabon kwalekwale tsakiyar ruwa ranar da aka gama sassaƙa shi. Yakan bar shi a gaɓa ya sha ruwa, a ga inda yake yoyo. Shekarun nan aikinsu ke nan. A cikinsu ne ake ganin ko tana iya zama da mata goma masu hali daban-daban ba tare da gaba ba, ko tana addu'a ranar da addu'ar ba ta yi mata daɗi ba.

Wani zai ce ai gudun wahala ne: talauci, ko auren dole, ko tsoron 'yan bindiga. Wannan zargi yana da tushe. Wanda ya ga yadda aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, da makarantar St. Mary's ta Papiri a Nuwamban 2025, ya san yarinya na iya neman katanga don tsira kawai. Sai dai katangar ba mafaka ba ce. A 2023 'yan bindiga sun shiga gidan 'yan Benedikt maza na Eruku a Kwara, suka kashe ɗaya daga cikinsu. Kuma mai gudu takan gaji da zarar abin da ya koro ta ya lafa. Don haka zargin ƙarfafa hujjar jira yake yi, ba rushe ta ba.

Wani kuma zai ce, ƙauyukanmu na neman malamai da ungozoma, ina amfanin mace mai ilimi ta rufe kanta? Amsa ta dogara ga abin da muka gaskata game da addu'a. Idan roƙon Allah aiki ne na gaske, to mai yin sa dare da rana domin jama'a ba zaman banza take yi ba. Tereza ta Lisiyo a Faransa ta rasu a 1897 tana da shekara 24 a cikin gidan Karmel, amma a 1927 Ikkilisiya ta sa ta majiɓinciyar masu kai bishara ƙasashe. Ba kowa ake kira haka ba, kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa gwajin yake da tsanani.

Mafi nauyi shi ne kukan uwa: babu biki, babu jikoki, ganin 'yarta ma sai a ɗakin baƙi. Wannan rashi ne na gaske, kada fada ko sista ya raina shi. Abin da nake roƙon iyaye shi ne kada su hana da ƙarfi, kada kuma su tura. A bar ta ta gama karatu, ta sami amintaccen mai ba ta shawara, a biya mata kuɗin mota na zuwa da na dawowa. In ta zauna, a sa mata albarka. In ta dawo bayan shekara 3, kada a yi mata gori a gida ko a coci, domin wadda ta gwada da gaskiya ta gane ba nan aka kira ta ba, ita ma ta yi wa Allah biyayya.