Inna Modibbo: Tunawa da Malamar Farko



An ce in yi magana kan tarbiyyar ƙananan yara a birnin Kano. Na roƙi alfarma a bar ni in shiga zancen ta ƙofar gidan wata baiwar Allah, wadda ta fara ɗora mini allo a cinya a wani lungu na Daneji. Ba zan ambaci sunanta ba, don mu kanmu ba mu taɓa kiran ta da shi ba. Inna Modibbo muke cewa. Modibbo kalmar Fulatanci ce da ta samo asali daga Larabci, mu'addib, wato mai koyar da ladabi, kuma da ita mutanen cikin birni suka san dattijan matan da ke karantar da yara a gidajensu.

Ina ɗan shekara huɗu aka kai ni. Na yi ƙanƙanta da makarantar soro, inda gardawa da bulala suke, sai yayata ta goya ni ta zaure biyu zuwa tsakar gidan Inna. Mu kusan ashirin ne a kan tabarmin kaba, maza da mata, wani da majina, wani da ragowar koko a baki. Tana zaune a kan buzu, tasbaha a hannun hagu, tsinke a hannun dama tana nuna baƙi. A nan na fara babbaƙu: alu, ambaki, wau, zal. Ku lura da hikimar magabata. Harafin Larabci baƙo ne ga ɗan Bahaushe, sai suka raɗa masa sunan gida da zai nuna siffarsa. Ambaki, ga shi ya buɗe baki. Ha kuri, ga shi ya naɗe. Yaro yana ganin harafi kamar wani abokin wasa kafin ya kai ga farfaru, inda wasali ke hawa kansa.

Amma ba baƙi kaɗai na ɗauko daga gidan nan ba. Ita ta koya mini in yi sallama kafin in shiga, in karɓi abu da hannun dama, in durƙusa in gaida babba. Ranar da na yi fitsari a tabarma yara suka fashe da dariya, ba ta tsawata mini ba. Ta ɗauke ni ta kai bayan ɗaki ta wanke ni, ta ɗaura mini gyalenta, ta dawo ta ce wa ajin duk wanda bai taɓa yi ba ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Na karantar shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk lokacin da ɗalibi ya ji kunya a gabana, gyalen nan nake tunawa.

Kano ta iya adana sunayen manyan malamanta. Mun san Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, mun san Shehu Magili ya sauka a nan zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mun san darajar unguwannin Madabo da Sharifai. Mun san Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa a 1909. A Sakkwato ma an riƙe sunan Nana Asma'u da jajinta masu bin ƙauyuka suna karantar da mata. To, wa ya fara nuna wa waɗancan shehunnai alu? Duk gwanin da ya rubuta izu sittin da ka, akwai hannun da ya fara kama nasa ya ɗora a kan allo. Sau da yawa hannun mace ne, kuma littattafan tarihinmu sun yi shiru a kanta.

Ladan aikinta a duniya kuɗin Laraba ne: kwabo, ko ƙoƙon gero, wani makon ma babu. Ban taɓa ganin ta mayar da yaro gida don bai kawo ba. Ranar saukata aka yi zayyana, aka yanka rago, aka ba malamin soro riga da kuɗi. Inna kuwa ƙwaryar tuwo aka aika mata. Ta sa albarka, ta yi murna fiye da kowa. Ni ne na girma na gane an rage mata hakki, kuma wannan abu yana damuna har yau.

Magadanta suna nan. Wasu na cikin gidaje da allo kamar yadda ta yi, wasu na ajin rainon yara a firamare da Islamiyya, tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin tsarin gwamnati. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, kuma na yaba. Sai dai ina roƙon masu tsara kasafi su leƙa ajin 'yan shekara huɗu su tambayi malamar nawa take ɗauka a wata, yara nawa ne a gabanta. Al'adarmu ita ce a tura wanda ya fi ƙarancin horo da albashi zuwa ajin ƙasa, alhali nan ne icce yake ɗanye.

Roƙona na biyu gare ku ne, jama'a. Kowa ya je gida ya tambayi tsofaffinsa sunan malamar da ta fara biya masa, da unguwarta, ya rubuta. Masu unguwanni su taimaka a tattara, a nemi Gidan Makama ya ajiye tare da kayan tarihin sarakuna. Wanda tasa ke raye, ya kai mata ziyara kafin Juma'a, kada ya je hannu rabbana.

Tawa ta rasu ina karatu a nesa, sai bayan sadakar uku labari ya iske ni. A maƙabartar Dandolo aka rufe ta. Da na dawo na je gaisuwa, jikarta ta shiga ɗaki ta fito mini da wani ƙaramin allo da gefensa ya cinye, ta ce Inna ba ta yarda a ƙona allunan yaran da suka wuce gaba ba, a ƙarƙashin gadonta take tara su. Ga shi nan na zo da shi, wanda yake so ya gani bayan an tashi. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Mu karanta mata Fatiha.