Kai Tal ne ko Petrosian?



A intanet yanzu akwai tambayoyin gwajin hali da ake yi wa masu wasan darar ces. Za a tambaye ka: kana son kasada, ko ka fi son lallaɓawa? Kana gama amsawa sai a ce salonka na Mikhail Tal ne, ɗan Latbiya da ya zama zakaran duniya a 1960, wanda kan sadaukar da doki don ya rutsa sarkin abokin karawarsa. Ko a ce na Tigran Petrosian ne, zakaran 1963, gwanin toshe kowace kafa.

Gwajin yana da amfani, domin yana nuna wa sabon shiga wasannin da zai nazarta. Amma kada matashi ya ɗauke shi hukunci. Misali, wani gwanin ces mai suna Botvinnik ya karanci Tal sarai, ya ƙwace kambinsa a 1961. Daga baya Tal ya ƙara natsuwa, har ya buga wasa 95 a jere ba a doke shi ba, tsakanin 1973 da 1974.

Don haka, ɗan'uwa, in an ce kai mahari ne, zauna ka koyi tsaron gida.