Jawabi Ga Iyaye: A Bar Yara Su Dubi Sama

 

An ce in yi magana kan karatun yaranmu a nan Kudu. To, zan fara da wani shirin talabijin da ɗana ya kunna mini a kwamfuta, yana fassara mini. Sunansa Cosmos, wato sammai da ƙasa da abin da ke tsakaninsu. Wani masanin taurari na Jami'ar Cornell a Amurka, Carl Sagan, shi ya gabatar da shi a 1980, kashi 13.

Abin da ya fi kama ni a kashi na farko yake. Wani masani mai suna Eratosthenes ya zauna a Iskandariya ta Masar fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ya sami labari cewa a garin Aswan akwai rana guda a shekara da in rana ta take tsaka, sanda a tsaye ba ta da inuwa. Amma a Iskandariya, a ranar nan, akwai inuwa. Ya ce ashe ƙasa ba shimfiɗe take kamar tabarma ba. Ya auna karkatar inuwar, ya ga kusan digiri 7 ne, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan kuwa kamar kilomita 800 ne. Ya ninka 800 sau 50, ya sami 40,000. Jama'a, kewayen duniya ke nan, da sanda da inuwa! Na ce wa yaron, ai wannan lissafin 'yan kasuwa ne: ka san mudu, ka san buhu. Mu ma da inuwa aka koya mana gane Azahar da La'asar.

Yanzu ga inda na dosa. Da yawanmu yaro na gama firamare sai mu ce ya zo shago, wai kimiyya tana lalata imani. Ba zan ɓoye muku ba, Sagan ba mai addini ba ne, har ya rasu a 1996, kuma akwai maganganunsa kan asalin halitta da na ce wa yaron ya kai wa malaminsa. Amma don akwai tsakuwa a shinkafa ba a zubar da buhu, tsincewa ake yi. Alƙur'ani kansa ya yi ta kiranmu mu yi tunani kan halittar sammai da ƙasa. Da aka sabunta shirin a 2014 tare da Neil deGrasse Tyson, har an kawo labarin Ibnul Haisam, Musulmi mutumin Basra, wanda ya bayyana yadda haske ke shiga ido kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Ashe kayanmu ne muke gudu.

Da na ji cewa hasken rana sai ya yi tafiyar minti 8 kafin ya iso mana, wallahi abin da ya fito bakina shi ne Subhanallah.

Roƙona biyu ne. Kada mu cire yaro daga aji saboda cinikin wata guda. Sannan ƙungiya ta ware wani abu daga asusu don 'ya'yanmu masu karatun kimiyya, maza da mata. Islamiyya da yamma, boko da safe, kowanne kada a sake shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.