Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari: Abin da Ta Sa Gaba, da Abin da Ta Bar wa Mai Jari



A gidaje da yawa na ƙasar nan, daga Ikko har Maiduguri, akwai tsohuwar adaka da mai gida ya rasu ya bari. In an buɗe ta, a ƙarƙashin takardun fili da na fansho, a kan tarar da wata takarda mai kauri da hatimi, wadda ke shaida cewa marigayin ya sayi hannun jari a kamfani kaza cikin 1977 ko 1978. Magada su kan jujjuya ta su mayar, don ba su san ko tana da sauran amfani ba. Alhali kuwa dukiya ce, kuma akwai hukumar da Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa alhakin tsaron haƙƙin mai ita, watau Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari, wadda a ke taƙaita sunanta da SEC. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda aikin Hukumar ya yi ta sauyawa duk sa'ad da manufar Gwamnati ta sauya, domin mutum ya san abin da za a yi masa, ya kuma san abin da aka bar masa a wuyansa.

Hannun jari dai kaso ne cikin mallakar kamfani. Wanda ya saya ya zama abokin tarayya: in an ci riba a ba shi rabonsa, in an faɗi ya faɗi tare da kowa. An buɗe kasuwar sayar da irin wannan kaso a Ikko cikin 1961 da takardun jari iri 19 kawai. A 1962 aka kafa wani ɗan kwamiti a ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya don ya riƙa duba kamfanonin da ke neman kuɗi daga hannun jama'a, amma ba shi da ikon doka, shawara kurum ya ke bayarwa. Kasuwar ƙarama ce, 'yan ƙasa kaɗan ne ke shiga, saboda haka babu wanda ya damu ƙwarai.

Abin da ya tada kasuwar daga barci shi ne dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ta 1972 da ta 1977. Dokar 1977 ta kasa sana'o'i kashi uku: na farko sai ɗan Nijeriya kaɗai zai yi su, na biyu tilas 'yan ƙasa su mallaki kashi 60 cikin ɗari, na uku kuwa kashi 40. Nan da nan manyan kamfanonin baƙi suka fito da jarinsu kasuwa. To, sai tambaya biyu suka taso. Nawa za a sayar? Wa kuma zai samu? In an bar baƙo ya sa kuɗin da ya ga dama, zai tsawwala. In kuwa an bar rabo ga mai ƙarfi, 'yan attajirai ƙalilan na Ikko za su kwashe duka. Sabili da haka aka ba kwamitin nan ikon doka a 1973, sa'an nan Doka mai lamba 71 ta 1979 ta kafa Hukumar SEC. Babban aikinta a wannan zamani shi ne yanke farashin sabon jari, da sa lokacin fito da shi, da kuma lura da rabo, inda a kan fifita mai neman kaɗan a kan mai neman da yawa. A cikin wannan hali ne aka buɗe reshen kasuwar a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989.

Wannan tsari ya yi wa malamin makaranta da akawu da ƙaramin ɗan kasuwa rana, gama Hukuma ta kan yanke farashi da sauƙi, har mutane suka saba da cewa wanda ya sami sabon jari ya riga ya ci riba. Amma ya bar baya da ƙura ta hanya biyu. Kamfanoni da dama sun ƙi zuwa kasuwa don suna ganin ana karya musu daraja. Masu wayo kuma, da suka ga ana fifita mai neman kaɗan, sai mutum ɗaya ya cika takardar nema goma, wannan da sunan ɗansa, wancan da sunan kakansa, wata ma da sunan da babu mai shi a duniya. Za a komo kan wannan dabara nan gaba, don har yanzu ana biyan bashinta.

Daga 1986 manufar Gwamnati ta juya. Aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, aka yi dokar sayar da kamfanonin Gwamnati a 1988, aka kafa kwamitin aikin a ƙarƙashin Dakta Hamza Zayyad. A 1993 Hukuma ta saki aikin yanke farashi, ta bar shi ga kamfani da masu shirya masa sayarwa. A 1995 aka soke dokokin da suka taƙaita jarin baƙi, aka buɗe musu ƙofa. Wannan shi ne sauyi mafi girma a tarihin Hukumar, kuma shi ne wanda jama'a suka fi jahilta. Tun daga ran nan Hukuma ba ta ce wa kowa jarin kaza ya dace da kuɗin kaza. Abin da ta ke tilasta wa kamfani shi ne ya faɗi gaskiya: ya buga takardar bayani mai nuna dukiyarsa da bashinsa da ribarsa da sunayen masu tafiyar da shi, ya kuma riƙa fito da lissafinsa a kan kari. Auna ko cinikin ya yi kyau ya koma wuyan mai saye. Hatimin Hukuma a kan takarda shaida ce cewa an cika sharuɗɗan bayani, ba lamuni ne na riba ba.

Ƙasar nan ta koyi wannan karatu da tsada. A 2004 Babban Banki, a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umurci kowane banki ya kai jarinsa Naira miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, akasarinsu kuwa daga aljihun jama'a suka tara kuɗin. Farashi ya yi ta hawa ba tsayawa. Mai shago ya sayar da kaya ya sayi jari, ma'aikaci ya zuba kuɗin sallamarsa. Mafi muni, bankuna suka shiga ba mutane rance don su sayi hannun jari, jarin da aka saya shi ne jingina, wani lokaci ma jarin bankin da ya ba da rancen ne. A watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Da guguwar tattalin arzikin duniya ta taso, baƙi suka janye kuɗinsu, farashi ya karye, bankuna suka matsa a biya su, masu bashi suka yi ta sayarwa ko nawa ne, wannan kuma ya ƙara karya farashin. Kafin ƙarshen 2009 ma'aunin ya faɗo ƙasa da 21,000. A watan Agusta na shekarar Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420 don kada su durƙushe.

Ba za a wanke masu kula da kasuwa daga wannan ba. Babban Banki yana duban banki, Hukuma tana duban dillali, amma rancen da ya haɗa su biyun ya bi ta tsakani babu mai riƙe da shi. Gyaran da aka shiga daga 2010, lokacin da Arunma Oteh ta karɓi shugabancin Hukumar, ya fi ƙarfi a nan: aka sa wa rancen sayen jari iyaka, aka gurfanar da dillalan da suka yi wasa da farashi ko suka sayar da jarin mutane ba da izninsu ba, aka kuma matsa a raba kuɗin dillali da na wanda ya ba shi amana. Daga baya, a 2021, ita kanta kasuwar ta daina zama ƙungiyar dillalai, ta zama kamfani mai suna NGX, aka ware sashen da ke ladabtar da dillalai daga sashen da ke neman riba.

Yanzu sai a koma ga takardar nan ta cikin adaka. Ɗaya daga cikin abubuwan da Hukuma ta daɗe tana fama da su shi ne ribar da kamfanoni suka raba amma masu ita ba su karɓa ba. Dā takardar biya a kan aiko ta gidan waya. Mutum ya tashi daga gari, ko ya rasu, ko akwatin wasiƙa ya rufe, sai riba ta yi ta taruwa. Daga baya aka shigo da hanyar zuba riba kai tsaye cikin asusun banki, aka kuma mayar da takardun shaida zuwa rajistar kwamfuta. Amma asusun banki yana tafiya da lambar BVN, ita kuwa suna ɗaya ta sani. Wanda ya sayi jari da suna goma a zamanin rabo sai ya tarar tara ba su dace da shi ba. Hukuma ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan su haɗa jarinsu wuri guda in sun kawo shaida. Magada kuma hanyarsu ita ce su sami takardar ikon gado daga kotu, su kai wa magatakardan kamfanin, watau ofishin da ke riƙe da sunayen masu jari. Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanadi cewa ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za a mayar da ita wani asusun amana na Gwamnati, amma tana nan bashi a kan Gwamnati, mai ita yana da ikon nema duk ran da ya zo.

Wani abin da aka sa gaba shi ne jawo waɗanda suka ƙaurace wa kasuwa don gudun riba irin ta kuɗin ruwa. A 2013 Hukuma ta fito da ƙa'idodin sukuk, Jihar Osun ta fara amfani da su a shekarar don gina makarantu, sa'an nan a 2017 Gwamnatin Tarayya ta tara Naira miliyan dubu 100 ta wannan hanya don aikin hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasa.

Amma abin da ya fi tsone wa Hukuma ido a 'yan shekarun nan ba a cikin kasuwa ya ke ba, a bayan katangarta ya ke. A watan Disamba 2016 shirin MMM ya rufe asusun mutane bayan ya yi musu alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. A watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya rushe da kuɗin jama'a, Hukuma kuwa ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba. Dabarar ɗaya ce ko da wane suna ta zo: babu sana'ar da a ke yi, kuɗin wanda ya shigo yau a ke biyan wanda ya shigo jiya, ran da masu shigowa suka ragu sai a nemi mai gida a rasa. Na farkon da aka biya su ne 'yan talla, su ke jawo 'yan'uwansu da abokan aikinsu, shi ya sa ɓarnar ta kan raba zumunci bayan ta ci dukiya.

Game da kuɗin intanet, manufa ta yi ta kai da komo. A watan Fabrairu 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikinsa. Ciniki bai tsaya ba, sai dai ya koma inda ido ba ya gani. A 2022 Hukumar SEC ta fito da ƙa'idodinta, a watan Disamba 2023 Babban Banki ya janye hanin, a 2024 kuma aka ba kamfanoni biyu amincewar farko. An gane cewa abin da ba a iya hanawa gara a san masu yin sa. Dokar Jari ta 2025, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris, ta maye gurbin ta 2007, ta sa kadarorin intanet cikin abin da Hukuma ke kula da shi, ta kuma ambaci shirin damfara irin na MMM a fili. Hukuncin mai gudanar da shi tara ce da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko a haɗa masa duka.

Doka mai tsanani ta kan kama ɓarawo, amma ba kasafai ta kan maido da kuɗin da ya riga ya fita ƙasa ba. A nan akwai kuskure guda da ya kamata a gyara. 'Yan damfara su kan ɗaga takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, su ce ga shaidar Gwamnati. Wannan takarda tana nuna an yi wa suna rajista ne kawai. Ko mai gidan burodi yana da irinta. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a da sunan juya shi tilas ya kasance cikin rajistar Hukumar SEC, sunayen kuwa suna nan a shafinta na intanet, ana kuma iya tambaya a hedkwatarta da ke Abuja ko ofisoshinta na Ikko da Kano da Fatakwal. Wanda dillali mai rajista ya cuta zai fara kai kuka ga dillalin a rubuce, in bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa Hukuma, bayan ita kuma akwai kotun musamman ta sha'anin jari. Wanda ya ba mara rajista kuɗinsa sai dai ya nufi 'yan sanda ko EFCC.

A watan Maris 2024 Babban Banki ya sāke umurtar bankuna su ƙara jari, masu hulɗa da ƙasashen waje su kai Naira miliyan dubu 500, aka ba su wa'adin shekara biyu. Bankuna suka sāke fitowa neman kuɗin jama'a kamar yadda suka yi a 2005, wannan karo har ta wayar hannu a ke saye. Kowane ɗayansu ya buga takardar bayani kamar yadda doka ta tilasta, kuma a cikin kowace akwai babi guda da ya jera hatsarin da kuɗin mai saye zai iya gamuwa da shi. Dillali ba ya fara karanta wa mutum wannan babi, sai mai kuɗin ya ce a buɗe masa.