Ba a fafe gora ranar tafiya

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Ɗan Barto



Mura iri biyu ce. Akwai ta lokacin ɗari, wadda kowa ya sani. Akwai kuma sabuwar mura mai game duniya, wadda jikin mutane bai saba da ita ba. Irinta ce tsofaffi suke kira marisuwa. A 1918 ta shigo Legas ta jirgin ruwa, ta bi jirgin ƙasa har Kano. Ta kashe miliyoyin mutane a duniya.

A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an same ta cikin agwagi a Magarya. Ɗan Barto yana bakin iyaka, kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano. Inda mota ta bi, cuta ma tana iya bi.

Shi ya sa ake son gidan likita ya yi gwaji tun ana lafiya. Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya zai yi kamar yana tari da zazzaɓi. Tun daga ƙofa a ba shi takunkumi, a kai shi ɗaki dabam. Ma'aikaci ya wanke hannu da sabulu, ya sa safar hannu, ya duba shi. Majo, shugaban gidan likita, ya kira asibitin Matameye. In ciwo ya yi tsanani, sai babban asibitin Damagaram.

Bayan gwaji a zauna a yi lissafi. Minti nawa aka yi kafin a keɓe mutumin? Akwai ruwa a randa? Motar ɗaukar marasa lafiya tana da mai? An ɗauki waya? Abin da ya gaza a gyara shi. Giɓin da aka gani ranar gwaji ba ya cin rai. Wanda aka gani ranar annoba yana ci.

Mutanen gari ma suna da nasu aiki. Wanda ya ga ma'aikata fuska a rufe kada ya tsorata, kada ya baza jita-jita. In kaji suna mutuwa da yawa, kada a ci, kada a kai kasuwa. A gaya wa mai gari da malamin dabbobi. In tari da zazzaɓi suka kama mutane da yawa a gida ɗaya, a je likita ranar nan.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.