Hannu Kafin Baki: Wasa da Tushen Lissafi Wajen Ƙananan Yara

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan ajin ƙananan yara da safe ya san wannan murya: malami yana faɗi, yara suna amshi, ɗaya, biyu, uku, har zuwa ashirin. Iyaye kan ji daɗi, mai duba makarantu ma ya rubuta cewa aiki yana tafiya. Alhali kuwa idan aka ɗauki yaro guda daga cikinsu, ɗan shekara uku, aka zube masa tsakuwa a gabansa aka ce ya miƙo biyar, sau da yawa sai ya damƙo cikin hannu ya miƙa. Bakinsa ya haddace sunayen lambobi, amma bai san abin da biyar take nufi ba. Wannan tazara ita ce abin da laccar nan za ta duba.

Wata masaniyar halayyar yara, Karen Wynn, ta gwada wannan a cikin binciken da ta buga a 1990 da 1992. Ta tarar yaro yakan fara gane ɗaya, bayan watanni ya gane biyu, sa'an nan uku, kuma yakan ɗauki wajen shekara guda kafin ya fahimci cewa lambar da ya ambata a ƙarshe ita ce yawan abin da ya ƙirga. Watau ƙirga aiki ne na haɗa kalma guda da abu guda, ba tsallake, ba maimaici. Amshi ba ya koyar da wannan. Sai yatsa ya taɓa abu, ya ture shi gefe, ya taɓa na gaba.

Masana sun daɗe da lura da haka. A cikin 1907 Mariya Montesori, likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Cikin kayan da tsarinta ya shahara da su akwai sanduna goma, ƙaramar santimita 10, babbar mita guda, don yaro ya ji da hannunsa cewa tara ta fi biyu. Akwai kuma akwati mai gida goma, daga sifiri zuwa tara, da 'yan itatuwa 45 daidai. Yaro zai zuba ɗaya a gidan ɗaya, biyu a gidan biyu, har ya kai tara. In ya yi kuskure, itatuwa za su rage ko su gaza, ya gani da kansa ba tare da an tsawata masa ba. Gidan sifiri kuwa a bar shi wayam, kuma da wuya a sami bayanin sifiri da ya fi wannan. Abin lura, ba abin da ke cikin akwatin nan da karan dawa 45 da gwangwani goma ba za su yi ba.

Jan Piyaje na ƙasar Suwizalan, a littafinsa na 1941 kan yadda yaro ke gane lamba, ya kawo wani gwaji. A jera abubuwa layi biyu, yawansu ɗaya, yaro ya yarda daidai suke. Sai a baza layi guda ya yi tsawo, a sake tambayarsa. Yawancin yaran da ba su kai shekara shida ko bakwai ba sukan ce mai tsawon ya fi yawa. An daɗe ana ɗaukar wannan hujja ce cewa hankalinsu bai kai ba. Amma a 1974 wasu masana biyu a Edinbara, McGarrigle da Donaldson, suka sake gwajin, sai dai wannan karon wata 'yar tsana ce ta zo kamar da ɓarna ta hargitsa layin. Nan take yara da yawa suka amsa daidai. Ashe idan babba ya taɓa abu da gangan ya sake tambaya, yaro yakan zaci amsarsa ta fari ce ba ta gamsar ba, sai ya sauya. Wannan ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai, inda ake horon yaro da kunya da sunkuyar da kai gaban manya. Yaron da ya yi shiru gaban malami, a je a gan shi yana rabon gyaɗa da 'yan'uwansa. Ba mai iya cutarsa ko da ƙwaya ɗaya.

Kayan aikin ma suna nan a tsakar gida. Yarinya mai carabke tana jefa dutse sama ta kwashe na ƙasa ɗaya-ɗaya, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan uku-uku, tana rarraba adadi ba ta sani ba. Yaron da ya tsuguna gefen masu dara yana kallon ramuka 30, layi biyar gida shida-shida, da 'ya'ya sha biyu-sha biyu, yana jiran uku su jeru. Wanda aka bar shi da yashi da gwangwani da kwano yana koyon awo: gwangwani nawa ke cika kwano, kuma in an juye a faifai, yashin ya ƙaru ne ko yana nan? Kakanni ma da hannu suka yi lissafinsu, domin biyar-biyar ake jan wuri a tara shi tsibi-tsibi. Aikin malami a nan kaɗan ne, amma sai da shi: ya zauna kusa, ya sa wa abin da hannu ya yi suna, ya yi tambaya guda, ya ƙyale yaro. Kuma da harshen da yaron ke wasa da shi, don wanda aka ɗora wa baƙuwar lamba da baƙon harshe lokaci guda an ɗora masa kaya biyu.

Manufar Ilmi ta Ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta faɗi abubuwan nan biyu, cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa kafin firamare, kuma da harshen uwa ko na mutanen wurin. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen auna aiki. Muddin ana yaba aji da ƙarfin amshi da yawan shafukan da ɗan shekara huɗu ya cika da lambobi, to, malami zai ajiye tsakuwa ya ɗauki alli, don shi ma yana tsoron a ce wasa yake da 'ya'yan mutane. Saboda haka jami'in da ya shiga aji, kafin ya buɗe littattafan rubutu, ya kamata ya zauna a tabarma, ya zube ƙwallayen dabino goma, ya ce wa yaro ya ba shi huɗu, ya ba abokinsa huɗu, sa'an nan ya tambaye shi nawa suka rage.